Dutsen ƙarƙashin ƙasa: narkewa yake yi ko lanƙwasuwa?

Tambaya: Wani malami da ke koyar da ilimin ƙasa a wata makarantar sakandare a nan Damagaram ya ce duk lokacin da ya gaya wa ɗalibansa cewa dutsen da ke ƙarƙashin ɓawon duniya, wanda littattafan Faransanci ke kira manto, yana motsi, sai su ce ashe narkakke ne. Yana neman kalmar da ta dace, kuma yana son sanin ko karin maganar nan ta mai haƙuri da dafa dutse za ta yi masa amfani a aji.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira. Bahaushe ba ya cewa abu ya narke sai ya bar sandarewa ya koma ruwa, kamar man shanu a rana ko dalma a wuta, kuma wannan ba shi ne halin manto ba. Sashensa na sama yana farawa daga zurfin kilomita 35 ko 40 a ƙarƙashin nahiyoyi, ya kai kilomita 660, kuma kusan dukkansa sandararre ne. Hujjar ita ce akwai wani nau'in kaɗawar girgizar ƙasa da ba ya ratsa ruwa, amma yana ratsa manto gaba ɗaya, ba ya tsayawa sai a zurfin kilomita 2,900, inda narkakken ƙarfe yake. Zafin manto ya kai digiri 1,300 tun daga zurfin wajen kilomita 100, sai dai nauyin da ke danne dutsen yana hana shi narkewa, in ban da ɗan abin da ba a rasa ba a wuraren da ke ciyar da duwatsu masu aman wuta.

Kalmar da nake ba ku shawara a kanta ita ce "lanƙwasu". Hausa tana da siffar aikatau mai ƙarewa da wasalin u, wadda ke nuna cewa abu ya karɓi aikin da aka yi masa ko kuma yana iya karɓa: an dafa nama ya dafu, an ɗaure kaya sun ɗauru, an lanƙwasa ƙarfe ya lanƙwasu. Maƙeri yana gasa ƙarfe har ya yi ja, ya buge shi ya zama fartanya, alhali ƙarfen bai taɓa zama ruwa ba, kuma ba ya komawa yadda yake bayan an ɗauke guduma. Ita kuwa "karye" da "tsage" na dutsen da ke sama ne, mai sanyi, irin manyan duwatsun da suka kewaye Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, waɗanda kowa ya ga yadda suke darewa gida biyu. Shi ya sa mafi yawan girgizar ƙasa ke faruwa kusa da sama, inda dutse ke tara matsi har ya ɓalle lokaci guda.

Yadda sandararren abu ke lanƙwasuwa a nan shi ne abin da ya cancanci a tsaya a kansa. Mafi yawan dutsen manto na sama wani ma'adini ne mai launin kore da ake kira olibin. Idan zafi ya yi yawa, ƙwayoyin zarra da ke cikinsa sukan bar gurabensu ɗaya bayan ɗaya, su ƙaura daga gefen da matsi ya fi tsanani zuwa gefen da ya fi sauƙi. Idan matsin ya ƙaru, ƙananan kurakuran da ke cikin jerin ƙwayoyin ne ke zamewa layi layi, har siffar dutsen ta sauya ba tare da ya fashe ba. Ɗan ruwa kaɗan da ya maƙale a cikin ma'adinin yana ƙara masa laushi ƙwarai. Duk wannan bai wuce santimita kaɗan a shekara ba. Ga misali: ƙasashen Suwidin da Finlan sun taɓa ɗaukar nauyin ƙanƙara mai kaurin kilomita 2 zuwa 3, wadda ta danna ƙasar ta tura manto gefe. Ƙanƙarar ta narke kimanin shekaru 10,000 da suka wuce, amma har yau ƙasar wajen Tekun Botniya, da ke tsakanin ƙasashen biyu, tana tasowa da kusan milimita 9 a shekara. Daga wannan tasowa ne Ba'amurke Norman Haskell ya lissafa danƙon manto a 1935.

Game da karin maganar, cikakkiyar siffarta ita ce "mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa". Magabata sun zaɓi dutse ne don shi ne abin da kowa ya san ba ya dahuwa, wato kambamawa ce da ke nufin haƙuri yana cimma abin da ake ganin ba zai yiwu ba, kuma ba bayanin halitta suke yi ba. Duk da haka rabinta na farko ya haɗa wuta da tsawon lokaci, abubuwa biyun da darasinku ke buƙata, don haka ba laifi ku buɗe aji da shi. Rabi na biyu ne nake jan hankalinku a kansa, domin romo ruwa ne, kuma da zarar ɗalibai sun ji shi za su koma kan "narke" da kuke ƙoƙarin raba su da ita.