Babur mai ƙafa huɗu ga yaro ɗan shekara 12: ga abin da na sani

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na ga tambayarka tun jiya: kana shirin sayo wa ɗanka mai shekara 12 babur mai ƙafa huɗu, irin wanda ake hawa a rairayin Dubai, mai inji 250cc, kuma kana son sanin ko yana buƙatar lamba da lasisi, ko yaron zai iya zagaya unguwa da shi a Arkilla, nan Sakkwato, ranar Sallah. Na kuma ga amsar masu cewa ai kayan wasan yara ne, ba ruwan hukuma da shi. Ni ina da irinsa a gonata ta wajen Kware, da shi nake zagaya injinan ban-ruwa lokacin albasa, kuma na daɗe ina kwance shi ina ɗaurawa da hannuna. Maganata a taƙaice ita ce 250cc ya fi ƙarfin yaron nan, kuma kwalta ba wurin hawansa ba ce ko ga babba. Bari in yi bayani.

Abin da ke yaudarar iyaye shi ne ƙafafun nan huɗu. Mutum ya ga abu tsaye da kansa, ba sai an tokare da ƙafa ba, sai ya ɗauka ya fi kabu-kabu aminci. Alhali babur mai ƙafa biyu idan ya kayar da kai, kai gefe shi gefe. Wannan kuwa juyewa yake yi ya hau kanka. Na manya nauyinsu yakan kai kilo 250 zuwa sama da 300, wato buhun shinkafa biyar zuwa shida a kan ƙirjin yaron da bai kai nauyin buhu ɗaya ba. Ko bai karye ba, ba zai iya ture shi ba, numfashi ne zai gagara. Saboda wannan ne Ostareliya, inda manoma ke amfani da shi sosai, ta wajabta tun Oktoban 2021 cewa duk sabon da za a sayar na aikin gona sai an kafa masa ƙarfe a baya wanda zai tokare ƙasa idan ya kife, ya bar wa mahayi wurin numfashi.

Batun kwalta kuma, ka leƙa ƙarƙashinsa kafin ka biya kuɗi. Yawancin na wasa da na yara, ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe ya haɗa tayoyin baya biyu, don haka tare suke juyawa, gudu ɗaya. A mota ba haka ba ne, idan za ka sha kwana tayar waje tana fin ta ciki gudu. Shi wannan, kafin ya sha kwana dole tayar ciki ta ɗan zame. A rairayi ko turɓaya tana zamewa cikin sauƙi, shi ya sa mahayi ke karkata jikinsa zuwa cikin kwanar yana taka matakin waje. A kwalta taya kama ƙasa take yi, ba ta zamewa. To sai ɗayan biyu: ko ya ƙi juyawa ya miƙe da kai cikin kwata, ko ya ɗaga ƙafa biyu ya kife. Na ga wannan da idona a wani biki cikin gari. Matashi ne babba, ba gudu yake ba, ya zo juyawa gaban jama'a ya danna totur, tayoyin hagu suka tashi sama, abin ya kwanta masa a cinya. Sai da maza uku suka ɗaga shi. Kamfanonin da ke ƙera shi da kansu sun manna gargaɗi a jikin roba kusa da tanki: kada a hau titi da shi, kada a yi goyo, kada a hau ba hular kwano. Idan na hannu ne aka shigo da shi ta Kwatano, sau da yawa an kankare takardar ko an yi fenti a kanta.

Goyon nan ma a yi hattara. Kujerarsa doguwa ce, sai a ɗauka ta mutum biyu ce, yara su jeru uku. An yi ta da tsawo ne domin mahayi ya matsa gaba idan zai hau tudu, ya ja baya idan zai gangara. Da zarar an zauna masa a baya, an hana shi wannan motsin, kuma nauyi ya koma baya, ɗan tudu kaɗan sai gaban ya tashi.

Wani abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne iskar taya. Tayoyinsa ba sa son iska mai yawa, galibi tsakanin 4 da 7 ne a ma'auni, mota kuwa 30 zuwa sama. Kai shi wurin mai faci ba ka tsaya a kansa ba, zai ɗura masa iska har taya ta yi tauri kamar yadda ya saba, yana ganin ya kyauta maka. Daga nan abin ya riƙa tsalle yana ƙin riƙe ƙasa. Ma'aunin masu faci ma ba ya karanta iska ƙasa da goma da kyau, akwai ƙaramin ma'auni na musamman da ke zuwa cikin jakar kayan aikinsa. Ka tambayi mai sayarwa shi.

Game da shekaru, ba mu muka fara wannan rigima ba. Honda ta fito da mai ƙafa uku a 1970, ya yi farin jini a Amurka, yara suka yi ta mutuwa a kansa, har a 1988 hukumar kare masu sayen kaya ta ƙasar ta cimma yarjejeniya da kamfanoni aka daina sayar da sabon mai ƙafa uku. Daga nan aka daɗe ana bin ƙa'idar girman inji: ƙasa da 70cc ga ɗan shekara 6 zuwa 11, 70 zuwa 90cc ga ɗan 12 zuwa 15, abin da ya haura 90cc sai mai shekara 16 zuwa sama. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma tsaurarawa ta yi, ta ce ɗan ƙasa da 16 kada ya hau kwata-kwata. Ka ga ko da ƙa'ida mai sassauci aka bi, ɗanka na 90cc ne. Ƙananan suna da wata 'yar ƙusa a jikin totur da ake ɗaurewa a rage gudu, wasu kuma da igiyar da babba ke riƙewa daga baya, ya fizge inji ya mutu. Na san abin da za ka ce, yaro girma yake yi, gara a sayi babba sau ɗaya. A riga da takalmi wannan lissafi daidai ne.

Sai doka. A nan ƙasar duk abin da inji ke tuƙawa, matuƙar ya hau titin gwamnati, dokar hanya ta hau kansa: rajista da lamba, inshorar da za ta biya wanda ka yi wa ɓarna, da lasisin tuƙi, wanda ba a ba ɗan ƙasa da shekara 18. Hular kwano kuma tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta fara tilasta ta ga masu babur, duk da dai kowa ya ga yadda abin ya kasance a titunanmu. Layin unguwa titi ne, ko da babu kwalta. Saboda haka amsar tambayarka ta biyu ita ce a'a, ɗan shekara 12 ba shi da hurumin tuƙa shi a Arkilla, lamba ko ba lamba. Kada kuma ka auna da cewa jami'ai ba sa shiga lungu. Ranar da ya buge 'yar maƙwabci mai tallar fura, ba yaron za a nema ba, kai za a nema, kuma babu inshorar da za ta ɗauki ko sisi tunda marar lasisi ne a kai. Maganar jinya ko diyya daga aljihunka za ta fito, bayan zumuncin da ya ɓaci.

Ka riƙe takardun kwastam da rasiɗin saye a kusa, ko da a bayan a-kori-kura kake ɗaukarsa zuwa gona. Yanayin tsaro ya sa duk wani abin hawa mai ratsa daji ana kallonsa da ido biyu. Ka tuna a 2021 gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka. Mutum da injin shiga daji marar lamba da jarkar mai a shingen bincike, zai daɗe yana bayani. Gabashin jiha kuwa, wajen Isa da Sabon Birni, ba ma sai na ce komai ba.

Inda ya dace shi ne fili mai shinge ko gonarka bayan an kwashe amfani, kai kana tsaye. Idan filin wani ne, a nemi izininsa ko na mai gari. Fadamar Rima tana da daɗin gani daga nesa, amma cike take da rijiyoyin ban-ruwa, tiyo da ke shimfiɗe, da kwamin irin albasa da mutum ya yi wata yana wahala a kai. Ramukan da masu tifa suka haƙe yashi sun fi komai haɗari, domin kana tahowa ba ka ganin bakin ramin sai ka iso. Ka fara taka filin da ƙafa. A tuddan rairayin Kalifoniya doka ce a kafa tuta a doguwar sanda domin wanda ke bayan tudu ya hango ka. Da hazon hunturu irin namu, ni ma na kafa wa nawa. A nisanci burtali, ƙarar injin tana firgita shanu da raƙuma.

Kayan jiki: hular kwano daidai kansa mai igiya a ɗaure, ba ta babba da ke juyawa ba, tabarau saboda ƙura, takalmi rufaffe mai kama idon sawu, dogon wando. Ban da babbar riga, ban da rawani ko gyale mai lilo, domin sarƙa da ƙarfen baya a buɗe suke. A watan Afrilu da zafi ke haura 40, a hau da sassafe ko bayan la'asar, a sauka kafin magariba.

Idan tsautsayi ya faru, Allah ya kiyaye, a ɗage injin daga kansa, amma kada a fizge hular, kada a naɗe shi cikin Keke Napep idan yana kukan wuya ko baya. A shimfiɗe shi a kan abu mai tauri, a kira 122, lambar gaggawa ta FRSC, ko a wuce asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, UDUTH. Karaya a fara ɗaukar hoto, akwai asibitin ƙashi a Wamakko, kafin a yi zancen mai ɗori. Yaron da ya bugu a kai ya tashi yana dariya, daga baya ya fara amai ko barci mai nauyi, asibiti za a kai shi a daren, ba sai gari ya waye ba.

In ba ka riga ka biya ba, ka ce wa mai kawowa ya nemo 90cc mai ƙusar rage gudu. Idan ya iso ka yi min magana, ku zo gona wata Asabar da safe in nuna wa yaron yadda ake shan kwana da tsayawa a kan gangara.