Amsa: Wane faifan Peter Pan na 1924 ya fi dacewa a saya?

Malam, ka tambaya ko faifan DVD mai araha na Peter Pan, fim marar magana da Herbert Brenon ya ba da umarni a 1924, zai wadatar da yaranka. Shawarata ita ce ka bar shi, ka nemi bugun kamfanin Kino, wanda aka ɗauko daga kwafin da gidan adana finafinai na George Eastman House a Amurka ya gyara.

Dalili kuwa shi ne haƙƙin mallakar fim ɗin ya ƙare a Amurka, saboda haka kowa na iya kwafarsa ya sayar. A irin waɗannan kwafi na sha ganin fuskar Betty Bronson, wadda ta fito a matsayin Peter Pan, ta koma fari fat, rubutun da ke bayyana maganar 'yan wasa ya dusashe, sannan an ɗora kiɗan da bai dace da abin da ke faruwa ba. Tunda babu murya, wannan rubutu da kiɗa su ne ke riƙe hankalin yaro, don haka ka zauna kusa da ƙananan ka riƙa karanta musu.