Amsar Ɗan Zango Kan Ficewar Nijar Daga ECOWAS

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, tambayarka ta iso gare ni, inda kake son sanin ko ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta taɓa mu mutanen Zango a nan Ghana, ka kuma ƙara da cewa a ganinka abin bai kamata ya dame mu ba, tunda mun daɗe da zama 'yan Ghana, mun auri Tonawa, wato mutanen Ashanti, Hausar ma ta karye a bakinmu. Zan amsa maka tambayar, kuma zan amsa maka abin da ka ɗora a kanta, domin a wurinmu maganar guda ce.

Na fara da albasa, domin ita ce abincin gidaje da yawa a Zangon Kumasi da na Ankara, babban birnin Ghana. Mafi yawan albasar da ake ci a kudancin Ghana daga Nijar take zuwa, musamman 'yar Galmi ta jihar Tawa, kuma tun daga gona har zuwa kaskon mai tuyar ƙosai kusan duk hannun da ta bi da Hausa yake ciniki. Akwai mai kaya da direba da yaran mota, akwai maigidan da ke saukar da baƙo ya tsaya masa, akwai dillali mai cin kamasho, akwai 'yan dako, sannan ga matan da ke zama a gefen rumfa suna tsince wadda ta fara lalacewa su sayar kashi-kashi. Da sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta rufe iyakoki, sai motocin da suka saba biyowa ta Gaya su tsallaka gada zuwa Malanville suka maƙale a bakin iyakar Benin. Albasa kuwa ba ta san jira ba. Surukina yana da rumfa a kasuwar Adjen Kotoku, inda aka mayar da 'yan albasar Agbogbloshie a 2021, kuma na tsaya kusa da shi ranar da wata mota ta iso bayan dogon zama a hanya: ana yaye tamfol wari ya kori mutane, ruwa yana ɗiga daga ƙasan buhuna, 'yan dako suna ɗaga buhu yana yagewa a kafaɗarsu. Mai kayan, wani dattijo, bai ce uffan ba, ya nemi buta kawai. Bashi ya ci ya yi lodin nan.

Za ka ce wannan aikin takunkumi ne, ba na ficewa ba, kuma ka yi gaskiya. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, wata guda bayan ƙasashen uku sun sanar cewa za su fita, ficewar kuma ba ta tabbata ba sai ranar 29 ga Janairu, 2025. Amma Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren na iyakar Benin ba bayan ɗage takunkumin, saboda haka direbobi suka koma ratsa Burkina Faso, inda a wasu hanyoyin sai an jira rakiyar sojoji, ko kuma su zaga ta Najeriya, kuma kowace hanya aka ɗauka kwanaki sun ƙaru, shingaye sun ƙaru, kuɗin mota ya tashi. Ɗan dakon da a da yake sauke mota kullum, yanzu yakan wuni a kan benci yana jiran labari. Wannan rashin aiki ne da ba ya shiga lissafin kowace hukuma, domin babu wanda ya taɓa ɗaukar sa aiki a rubuce balle a sallame shi a rubuce, saɓanin 'yan ƙasashen uku da ke aiki a ofisoshin ECOWAS, waɗanda su aƙalla takardar sallama aka ba su.

Akwai wani abu da na lura mutanen gida ba su cika kula da shi ba. Nijar ta bar ECOWAS, amma ba ta bar ƙungiyar UEMOA ta masu kuɗin sefa ba, don haka har yanzu akwai yarjejeniyar ciniki tsakaninta da Togo da Benin da Kwaddibuwa. Ghana da Najeriya ba sa cikin wannan ƙungiya. Ke nan mu da ku, babbar igiyar da ta ɗaure mu da Nijar a hukumance wajen ciniki da zirga-zirga ita ce ta ECOWAS. Gaskiya ne ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, a kuma bar kayansu su shigo bisa tsohon tsarin sassaucin haraji har sai an sake sanarwa, su ma ƙasashen uku, da suka kafa nasu ƙawancen na Sahel mai suna AES, sun ce ɗan ECOWAS zai shiga wurinsu ba biza. To amma abin da a da yake haƙƙi rubutacce, yanzu ya koma alfarma, kuma a ƙarshen Maris na 2025 ƙasashen uku suka sanya harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ake shigar musu da su daga waje. Kuɗin ba shi da yawa. Abin da ya tsorata masu kai gishiri da katako da goro da kayan roba arewa shi ne ganin cewa ana iya kwana da doka ɗaya a tashi da wata.

Mun san bambancin haƙƙi da alfarma fiye da yadda kuke zato, kuma a nan ne zan taɓo maganar auren da ka yi. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. A lokacin babu ECOWAS, sai a 1975 aka kafa ta a Legas, yarjejeniyar zirga-zirga ba biza kuma sai a 1979. Mutanen da kakanninsu suka zo fataucin goro Gwanja tun Salaga tana Salaga, waɗanda aka haifa a Kumasi ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato da idonsu ba, aka wayi gari suna sayar da gida a kuɗin da bai kai na ƙofofinsa ba. Wan mahaifina, wanda uwarsu ba ɗaya ba, yana cikin waɗanda suka hau mota, kuma bai sake dawowa ba har ya rasu. Mahaifina kuwa ya tsira, domin mahaifiyarsa Batoniya ce da ta musulunta kafin kakana ya aure ta. A al'adar Tonawa ɗa na dangin uwa ne, saboda haka 'yan'uwanta maza suka taso daga ƙauye da zannuwansu a kafaɗa, suka zauna a zauren gidanmu, suka ce duk mai son fitar da ɗan 'yar'uwarsu sai ya fara da su. Ba Musulmi ba ne, ba su jin Hausa, amma su suka tsare gidan da har yau ake karatun allo a cikinsa. Kakata ta rayu har na yi wayo, tana azumin Litinin da Alhamis, tana yi mana faɗa da harshen Twi idan mun makara sallar asuba. Idan wani daga gida ya ce auren Tonawa ne ya ɓata mu, ita nake tunawa, kuma raina yakan sosu.

Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ba da ɗan ƙasanci ga wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, don haka irinmu muna da katin Ghana, muna da inshorar lafiya, 'ya'yanmu suna shiga babbar sakandare kyauta tun 2017 kamar 'ya'yan kowa. Ficewar Nijar ba za ta kore ni daga Kumasi ba. Amma Zango ba mu kaɗai ba ne a cikinsa. Akwai wanda ya zo daga Maraɗi ko Damagaram ko Dogon Dutse shekara goma da ta wuce, yana sayar da shayi ko tsire ko yana yawon gyaran takalmi, ya yi aure a nan, ya haihu a nan, duk abin da ya dogara da shi kuwa shi ne kasancewarsa ɗan ƙasar da ke cikin ECOWAS. Yau kuwa ƙasarsa ba ta cikin ƙungiyar. A watan Mayun 2025 jami'an shige da fice suka kama sama da mutum 2,000 masu bara a titunan Ankara, mafi yawansu 'yan Nijar, aka mayar da su gida. An taɓa yin irin wannan kamen tun kafin ficewar, kuma ba na goyon bayan a riƙa jefa yara bara a titi, amma a daren nan mutanen da ba su taɓa miƙa wa kowa hannu ba sun kwana suna lalube takardunsu, tsofaffi kuma suna ambaton 1969.

Ba ina cewa ECOWAS ta taɓa zama cikakkiyar garkuwa ba. Tana nan Najeriya ta kori 'yan Ghana kusan miliyan guda a 1983, tana nan Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, tana nan aka riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Ankara bisa dokar da ta keɓe ƙananan ciniki ga 'yan ƙasa. Rumfa ce mai yoyo, amma wanda ruwa ya taɓa duka a fili ba ya raina ta. Aƙalla akwai takardar da za a nuna, akwai kotu a Abuja da talaka zai iya kai ƙarar gwamnati, kotun da ta yanke hukunci a Disambar 2023 cewa a saki Bazoum ko da yake ba a bi ba. Ɗan Nijar ya rasa wannan ƙofar yanzu.

Ta fuskar ayyukan jama'a, ku da ke maƙwabtaka kun fi ni gani. Kafin juyin mulkin Najeriya ce ke ba Nijar mafi yawan wutar lantarkinta, da ta yanke a lokacin takunkumi asibitoci suka koma kan janareta, magunguna suka maƙale a tashar Kwatano, kuma mu ma mun shiga ciki, domin kusan kowane mako sai an yi karo-karo a masallacin unguwarmu an aika wa wani da kuɗin magani. Hukumar lafiya ta yankin, wadda ke haɗa kan ƙasashe idan annoba ta ɓulla, a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso aka kafa mazauninta, ficewar kuma ta sa tashi daga can ya zama dole. Sanƙarau da kwalara ba sa tsayawa a Paga, bakin iyakarmu da Burkina Faso, su nuna fasfo, kuma motar da ta kawo albasa ita ce ke kawo mara lafiya.

Siyasa ce ta fi raba kawunanmu. Samarinmu da yawa suna tare da sojojin, hoton Ibrahim Traoré, shugaban mulkin sojan Burkina Faso, yana jikin babura da wayoyi, kuma da ya zo bikin rantsar da shugaban Ghana John Mahama a Janairun 2025 jama'a sun yi masa sowa sosai. Ban ga laifinsu duka ba, domin barazanar kai wa Nijar yaƙi ta ɓata wa kowa rai a Zango, haka ma takunkumin da ya faɗa kan talaka ya bar masu mulki, kuma ƙin jinin danniyar Faransa ba sabon abu ba ne a wurinmu. Dattawa kuwa sun fi yin shiru, saboda sun san idan manya suka yi fushi da juna, a kan baƙo fushin yake sauka. Ni ina ganin ECOWAS ta yi kuskure babba, su ma shugabannin sojan sun yanke shawarar da ta shafi miliyoyin 'yan ƙasarsu da ke ci-rani a bakin teku ba tare da sun tambayi ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. A cikin gida Ghana kuma, tabon 1969 har yanzu yana bin akwatin zaɓe, shi ya sa Zango ya daɗe yana karkata ga jam'iyyar NDC, mazaɓar Asawase a tsakiyar Kumasi tana hannun Muntaka Mubarak tun 2005 duk da cewa yankin Ashanti cibiyar NPP ce, jam'iyyar da ta gaji tafiyar Busia, kuma ko asusun raya Zango da gwamnatin Akufo-Addo ta kafa bai goge tabon ba. Duk lokacin da aka zo sabunta rajistar zaɓe, mai suna Garba ko Hadiza ya san za a yi masa tambayar da ba a yi wa Kwame. Tsoronmu shi ne kada ficewar nan ta ba masu wannan tambaya sabon dalili. Mahama ya naɗa Larry Gbevlo-Lartey wakili na musamman a ƙasashen uku, shi da kansa kuma ya zaga Bamako da Yamai da Wagadugu a Maris na 2025, kuma mun ji daɗin hakan ƙwarai.

Game da ko mu Hausawa ne na sosai, na yarda harshenmu ya sha bamban da na Kano, kuma yaranmu suna cakuɗa shi da Twi da Turanci. Sai dai a ƙasar nan ne Malam Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, ya yi rubuce-rubucensa har ya rasu a 1934, Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu daga cikinmu ya fito, kuma Dagomba da Mossi da Zabarmawa da Kotokoli idan suka haɗu a Nima ko Aboabo da Hausa suke magana. Mun riƙe harshen a inda babu gwamnatin da ta koyar da shi dominmu. Abin da yake ɗan ɓata mana rai shi ne, idan ɗan'uwa ya taso daga gida neman abinci, a zaurenmu yake sauka, mu tsaya masa wurin 'yan sanda, mu nema masa rumfa, wani lokaci mu ba shi 'ya, amma idan ya koma sai ya riƙa ba da labarin karyayyiyar Hausarmu ana dariya.

Idan kana da wani naka daga ɓangaren Nijar da ke shirin tahowa, ka gaya masa ya zo da fasfo ko katin shaida mai rai da katin rigakafi, ya gabatar da kansa wurin sarkin Zango ko shugaban 'yan garinsu da zarar ya sauka, ya kuma yanki katin baƙi kafin kwana 90 su cika, kada ya dogara da cewa a da ba a tambaya. Masu lodin albasa kuma su daina ɗaukar bashin da ya dogara da isowar mota a rana kaza. Ka gaishe mini da Malam babba da sauran mutanen gida.