Shawarar Lauya: Wa ƙungiyar masu gidaje za ta iya tilasta wa biyan kuɗi?

Wani magidanci daga ɗaya daga cikin sababbin unguwannin Damagaram ya aiko da tambaya. Gidajensu a bakin tabki suke. Shekara uku ke nan da suka kafa ƙungiyar masu gidaje, shi ne shugaba. Kowane gida na zuba jika biyu a wata, da su ake biyan mai gadi, a yashe magudanar ruwa, a zuba jar ƙasa a kan hanya kafin damina. Ba su da takardar hukuma ko ɗaya. Yanzu gidaje da dama sun daina biya. Wani maƙwabci kuma ya cike gefen tabkin da ƙasa ya ja katanga, bara ruwa ya juyo ya shiga gidaje huɗu. Matasa na cewa a kafa shinge a bakin layi a hana motar wanda bai biya ba shiga, a kuma watsa sunayensu a WhatsApp. Ƙanensa da ke zaune a wani gari na bakin teku a Amurka ya gaya masa cewa can ƙungiya na iya bin mai taurin bashi har a sayar da gidansa. Ya ce: "Mu me doka ta ba mu?"

Alhaji, ƙanenka bai faɗi ƙarya ba, sai dai abin da ya gani yana da tushen da naku ba shi da shi. A irin waɗannan unguwanni na Amurka, tun kafin a sayar da fili na farko ake rubuta sharuɗɗan zama, a yi musu rajista tare da takardun ƙasar. Duk wanda ya sayi gida ya saya ne da sharaɗin a kansa, ko yana so ko ba ya so, kuma idan ya sayar, sharaɗin ya bi gidan zuwa hannun mai saye na gaba. Ku kuwa kowa da takardar filinsa ya zo, babu inda aka rubuta a ciki cewa zai shiga wata ƙungiya. Abin da ya haɗa ku yarjejeniya ce tsakanin mutane. Dokar farar hula da muke aiki da ita a Nijar ta ce a aya ta 1134 yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida tana zama doka ga waɗanda suka ƙulla ta, aya ta 1165 kuma ta ce ba ta ɗora nauyi a kan wanda bai shiga ba. Saboda haka wanda bai taɓa amincewa ya zama mamba ba, ba ku da bashi a kansa, ko da fitilar mai gadinku na haska ƙofar gidansa kowane dare. Na san wannan magana ba ta da daɗin ji ga mutumin da ke biya da guminsa yana kallon wani na cin moriya kyauta, amma gara ka ji ta a nan kafin ka ji ta a gaban alƙali.

Kafin ma a kai ga masu ƙin biya, ƙungiyar ce da kanta ke buƙatar gyara. Dokar ƙungiyoyi mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984 ta wajabta a bayyana kowace ƙungiya ga hukuma, a kuma sami izini kafin ta fara aiki. Ana kai takardun ne ma'aikatar magajin garin da cibiyar ƙungiyar take: kundin tsarin ƙungiya, rahoton babban taron da ya kafa ta, da sunaye da sana'a da adireshin shugabanni. Za a ba ku takardar shaida ta wucin gadi, izinin ƙarshe kuma daga ministan cikin gida yake fitowa, sannan a buga sanarwa a jaridar gwamnati. Ka fara zuwa ofishin ka karɓi jerin takardun da suke nema a yanzu, domin kada ka yi ta kai da kawowa. Wajen rubuta manufa ku tsaya kan tsafta, magudanar ruwa, gyaran hanya da zaman lafiyar unguwa. Wannan dokar ta hana ƙungiyoyin ƙabilanci da na ɓangaranci, don haka kada wani ya sa muku sharaɗin cewa sai ɗan asalin wuri kaza ne zai shiga ko zai shugabanta.

Muddin ba ku yi wannan ba, a idon doka babu ƙungiya. Ba za ta buɗe asusun banki da sunanta ba, ba za ta shigar da ƙara ba, duk takardar da ka sa wa hannu kuma da sunanka ka sa. Idan mai kamiyon da ya kawo jar ƙasa bai sami kuɗinsa ba, ƙofarka zai buga.

Mai gadi ma haka. Mutumin da ke zuwa kowane dare a lokacin da kuka sa masa, yana bin umurninku, kuna biyansa a ƙarshen wata, ma'aikaci ne a ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 2012, ko da ba a rubuta komai ba. Mafi ƙarancin albashi tun Janairun 2024 jika 42 ne a wata, kuma wajibi ne a yi masa rajista a CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa. Ranar da ya ji rauni a bakin aiki, ko aka sallame shi ba bisa ƙa'ida ba ya tafi ofishin sufeton ƙwadago, za a nemi wanda ya ɗauke shi. Ranar da ya kama yaro da zargin sata ya yi masa dukan da ya karya shi, aya ta 1384 ta dokar farar hula na iya jawo wanda ya sa shi aikin ya biya diyya. A gaya masa a fili: wanda aka kama yana cikin sata, a riƙe shi a kira ƴan sanda, ba a dukansa.

In kun sami izini, sai kowane mai gida da ya yarda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar shiga, wadda ta faɗi nawa zai biya da ranar biya. Daga ranar ne kuɗin ya zama bashin da za a iya bi. Kundin naku ya amsa tambayoyin da ke raba kan unguwanni. Gidan haya, mai gida ne zai biya ko ɗan haya? Gidan gado da magada tara, murya nawa gare shi a taro? Ni ina ba da shawarar gida ɗaya, murya ɗaya, magada su zaɓi wakili. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, a rubuta sassaucinta a cikin kundi, kada ya zama alfarmar da shugaba ke yi yau ya janye gobe. Wanda ya sayar da gidansa ya fita, bashin da ya tara nasa ne, ba ya hawa kan mai saye sai in mai sayen ya karɓa a rubuce. Mamba kuma yana da damar ficewa bayan ya biya abin da ake bin sa. Ba za ku iya ɗaure shi har abada ba.

Zan ƙara da abin da ba doka ce ta faɗa ba. Ku raba kuɗin gadi da kuɗin magudana. Akwai mai ganin ba ya buƙatar mai gadi saboda yana da nasa, amma da wuya ka sami mai gida a bakin tabki da zai ce ba ruwansa da hanyar ruwa. Sannan ku dubi kanku kafin ku kira mutane masu taurin kai. A yawancin irin waɗannan rigingimu da ke zuwa gaban lauya, mutane sun daina biya ne tun ranar da suka tambayi lissafi aka ce musu "ai ka san ba za mu ci ba". Kuɗi su shiga asusu, fitar da su sai da hannu biyu, kowane biya da rasiti, kowane wata uku a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a. Wannan kariya ce ga ma'ajinku ma, domin wanda aka damƙa wa kuɗin jama'a ya taɓa su, ko da niyyar mayarwa ce, yana iya fuskantar tuhumar cin amana.

Mamban da ya sa hannu ya ƙi biya, a fara da takardar tunatarwa. In bai motsa ba, a je wurin mai unguwa. Dokar sarautar gargajiya ta 2015 ta ba sarakuna, har da masu unguwanni, ikon sasanta mutane, kuma ana rubuta abin da aka daidaita a kai kowa ya sa hannu. Ku nace a rubuta. In wannan ma ya ci tura, akwai gajeriyar hanya a dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke aiki da ita, ta neman alƙali ya ba da umurnin biya, in bashin ya fito daga yarjejeniya, adadinsa sananne ne, lokacin biyansa kuma ya yi. Amma ka yi lissafi tukuna. Bashin jika ashirin da huɗu na shekara guda, kuɗin wisiye, wato jami'in da ke isar da takardun kotu, da na takardu na iya cinye shi, ga kuma gaba da mutumin da za ku haɗu a sahun asuba.

Shinge a bakin layi kuwa, kada ku kafa. Hanyar unguwa ta jama'a ce, ba ta ƙungiya ba, kuma hana mutum isa gidansa laifi ne da zai mayar da mai bin bashi wanda ake tuhuma. Ko don tsaro ne kuke son rufe layi da dare, sai da izinin magajin gari, kuma ba a bambanta wanda ya biya da wanda bai biya ba. Batun WhatsApp ya fi wannan haɗari. A Yunin 2024 an gyara dokar laifukan intanet ta 2019 aka dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta hanyar sadarwa. Yaro ɗaya ya ɗauki murya ya ce wane ɓarawon unguwa ne, saƙon ya fita daga zaurenku, magana ta ƙare a kwamisariya. Sunayen masu bashi a karanta su a taron mambobi cikin lissafi, adadi kawai, ba tare da ƙarin baki ba.

Katangar nan ita ce ta fi damuna a cikin wasiƙarka, kuma a nan ne doka ta fi ba ku ƙarfi. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan sama ba ya nutsewa da sauri, tabkunan nan su ne ke karɓarsa. Wanda ya ga daminar 2024, wadda ta kai har tsohon masallacin unguwar Birni ƙasa a watan Satumba, ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da ruwa ke yi in ya rasa mafita. Aya ta 640 ta dokar farar hula ta ce filin da ke ƙasa dole ya karɓi ruwan da ke gangarowa da kansa daga na sama, mai shi ba shi da ikon yin madatsar da za ta tare shi, na sama kuma ba shi da ikon ƙara masa nauyi. Aya ta 1382 ta ce duk wanda ya jawo wa wani asara da laifinsa sai ya biya. Bayan haka, dokokin ruwa na ƙasarmu sun sa tabkuna, masu ƙafewa da marasa ƙafewa, cikin dukiyar jama'a har iyakar inda ruwa ke kaiwa in ya cika, da mita 25 bayan wannan iyakar. Irin wannan wuri ba a sayar da shi, daɗewa a kansa kuma ba ya mayar da shi na mutum.

Masu gidaje huɗun da ruwa ya shiga ba sai sun jira ƙungiya ta sami izini ba, kowannensu na da damar kai ƙara da sunansa. Su kira wisiye, wato jami'in da ke rubuta shaidar abin da ya gani da ido, ya zo ya auna katangar, ya ɗauki hoton layin da ruwa ya bari a jikin bango, gishirin da ya fito a gindin gini, ɗakin da ya tsage. Su adana rasitin siminti da na magini. Da wannan a je wurin mai unguwa a nemi maƙwabcin ya buɗe hanyar ruwa da kansa. A lokaci guda a rubuta wa magajin gari da ofishin tsara birane, a karɓi shaidar cewa takardar ta shiga, a nemi su zo su duba ko yana da izinin gini da kuma inda iyakar filinsa ta tsaya. In damina ta matso bai yi komai ba, lauya na iya neman shugaban babbar kotun Damagaram ya saurari maganar cikin gaggawa ya ba da umurnin a buɗe wa ruwa hanya, batun diyya ya biyo baya. Abin da ba za ku yi ba shi ne tara matasa da diga ku rushe katangar. Ranar da kuka yi haka ya sami ƙarar ɓarnata dukiya a kanku, maganar ruwa kuma ta koma gefe.

Sai dai ka shirya wa abu guda, Alhaji. In ma'auna suka zo, ba katangarsa kaɗai za su auna ba. Mai yiwuwa a tarar wasu daga cikin mambobinku ma sun ɗan ci gefen tabkin, ko indararonsu na zuba a gidan maƙwabci, abin da aya ta 681 ta hana, ko ruwan wankansu na bin layi. Ka faɗa musu wannan a taro tun kafin a rubuta takardar ƙorafi, kowa ya ɗauko takardar filinsa a duba. Ni dai ina ganin ko da hakan zai taɓa wasu, ya fi a bar gidaje huɗu su sake kwana cikin ruwa da yara ƙanana.

Ka kira babban taro tun da sauran rani, mai unguwa na zaune, a gayyaci har waɗanda suka daina biya da ƴan haya. A karanta lissafin shekara ukun nan gaba ɗaya, a amince da kundi, a zaɓi shugabanni, a rubuta rahoto. Masu gidaje huɗun kuma su nemi wisiye a wannan makon, kafin wani ya yi yaɓe ya rufe alamar ruwan.