Amsa: Ja, fara, da maganar tsada

Ɗan'uwa, ka ce ka fara aiki a gidan abinci a Faransa, kana tambayar bambancin jar giyar inabi da fara, da ko tsada ce ke nuna kyau.

Jar daga ɓawon inabi take samun launi, don tare ake barin su su tsima, shi ke kawo baurin nan. Fara kuwa, tun farko ake matse ruwan a raba shi da ɓawo.

Tsada sau da yawa sunan gona ce da shekarun ajiya. A 1976 a Paris, masanan Faransa sun ɗanɗana ba su ga kwalba ba, suka fifita ta Kalifoniya a Amurka a kan fitattun giyar Faransa. Kafin ka ba baƙo shawarar giya, tambaye shi abin da zai ci tukuna.