Me Suke Ci Da Rediyon Hausa?

Tambaya: Malam barka da aiki. Wai don Allah me ƙasashen waje suke samu da suke kashe kuɗi suna mana shirye-shirye da Hausa kyauta? Daga wani ɗalibi, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Ɗan'uwa ai ba kyauta bane, zuciyarka suke nema. BBC ta buɗe sashen Hausa tun 1957, Muryar Amurka 1979, Faransa ma ta biyo sahu da RFI a 2007, ga Jamus ga Sin. Duk ƙasar da ka saba jin muryarta da asuba kana kurɓar koko, to ranar da rigima ta taso bayaninta zaka fara saurara, in zaka tura yaro karatu ko ka sayi kaya ma ita zata faɗo maka a rai, kuma ko harsashi ɗaya bata harba ba.

Amma ni a ganina Indiya ta fi su iya wasan, fim kawai ta turo mana. Leƙa majalisar mai shayi da daddare zaka ga samari sun duƙufa kan waya suna kallon fassarar Indiya, har Kannywood ta ɗauko rawa da waƙa. Saurara abinka, amma ka dinga haɗa tasha biyu ko uku.