Ga mai neman karatun bairos da ciwon daji a waje

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce kin kammala digirin farko, kina neman gurbin na biyu a waje kan yadda bairos ke haddasa ciwon daji, amma wani malaminki ya ce fannin ya tsufa tunda an samu riga-kafi. Kin kuma tambayi ƙasar da ta fi.

Malamin naki ya faɗi rabin gaskiya. Farautar sabon bairos ta yi sanyi. Bakwai ne aka saba lissafawa: EBV (bairos ɗin Epstein-Barr), HPV (mai jawo sankarar bakin mahaifa), na ciwon hanta nau'in B da C, HTLV-1 (mai jawo wani dajin jini), KSHV (mai jawo dajin fata na Kaposi), sai na sankarar fata ta Merkel da Yuan Chang da Patrick Moore suka gano a 2008. In burinki ki gano na takwas, Allah ya ba da sa'a, amma ba zan ba ki shawarar ɗora karatunki a kansa ba.

Inda aikin yake shi ne: me ya sa miliyoyi ke ɗauke da bairos, amma 'yan kaɗan ke kamuwa da daji? Dubi EBV. Sama da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya suna da shi, akasarinsu har su koma ga Allah ba su sani ba. A 1958 likita Denis Burkitt ya bayyana wani kumburin muƙamuƙi da yake gani a jikin yara a Kampala. Da aka bi sawun cutar a taswira, sai aka ga tana bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 masu bincike Epstein da Barr da Achong suka hango bairos ɗin a Landan, cikin ƙwayoyin irin wannan kumburi. To, shi dai wannan bairos a kudancin Sin dajin bayan hanci yake jawowa, a jikin manya. Bairos ɗaya, cuta daban, mutane daban. Abokan tafiyarsa, wato maleriya, raunin garkuwar jiki da gadon halitta, su ne har yau ba a gama warware rawar da suke takawa ba.

HPV ma haka. Yawancin masu kamuwa jikinsu kan kore shi cikin shekara biyu. Wanda ya maƙale ne ke ɓarna: furotin ɗinsa E6 ya rusa p53, E7 ya ɗaure Rb, kuma waɗannan biyun su ne birkin da ke hana ƙwayar halitta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Masanin Jamus Harald zur Hausen ya gano HPV nau'i na 16 a 1983 da na 18 a 1984, lokacin da yawancin masana ke zargin wani bairos daban ne ke jawo sankarar bakin mahaifa. Su biyun ke jawo kusan kashi 70 na sankarar bakin mahaifa. Riga-kafin ya fito a 2006, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu. EBV da KSHV da na ciwon hanta nau'in C kuwa ba su da riga-kafi ko kaɗan. Maganin nau'in B danne shi yake yi, ba ya tumɓuke shi daga hanta. Ina tsufan fanni a nan?

Wani abu kuma, don kada ki sha kunya a takardar neman gurbi. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta ƙiyasta cewa a 2018 sababbin masu ciwon daji miliyan 2.2, kusan kashi 13, cututtuka masu yaɗuwa ne sanadinsu. Ɗalibai kan rubuta cewa duk bairos ne. A'a, in aka lissafa ƙwayoyin cutar ɗaya-ɗaya, wadda ke kan gaba bakteriyar ciki ce, Helicobacter pylori. Farfesa na ganin wannan kuskure zai ajiye takardar.

Batun ƙasa, ni a ganina ba ƙasa ake zaɓa ba, ɗakin bincike ake zaɓa. In hankalinki ya fi karkata ga ƙididdiga da bin diddigin al'umma, ki duba ayyukan IARC a Liyon ta Faransa. In cikin ƙwayar halitta kike son shiga, akwai cibiyar binciken ciwon daji ta DKFZ a Haidelbag ta Jamus, wadda zur Hausen ya shugabanta shekaru da dama. Amurka da Ingila cike suke da irinsu. Ki karanta takardu biyu ko uku na malamin da kike son aiki da shi kafin ki aika masa imel, ki nuna masa abin da kika ga bai amsa ba. Wasiƙar "ina son taimakon al'umma" kullum suna samun irinta.

Kafin ki taso, ki koyi lissafin ƙididdiga da manhajar ƙididdiga ta R; masu iya gwajin PCR na gano ƙwayar gado sun yi yawa, masu iya fassara sakamako ne ake nema. Ki yi allurar riga-kafin hanta nau'in B, don za a buƙace ta kafin ki taɓa jinin mutum. Ki kuma sani ƙwayoyin halittar da ake reno a kwalba ba su san Asabar da Lahadi ba, dole ki je ki sauya musu ruwa.

Ki zaɓi bairos ɗaya da tambaya ɗaya, ki rubuta shafi guda a kansu ki turo mini, sai mu duba wa ya kamata ki tuntuɓa.